Yadda Goggo Ta Shigar da Mage Gidan Baba Dogo

Goggo, ƙanwar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin wankin asibiti. Ɗaki ne a can baya, mai injinan wanki huɗu da dogon teburin guga. Zannuwan gado da rigunan tiyata da tawul, duk ta hannunta suke bi. Har yau idan ka riƙe tafin hannunta sai ka ji shi da kaushi, sinadarin wanki ya cinye shi. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma san gaggawa ba. Ma'aikatan jinya kan ce idan Goggo ta ce tabo zai fita, to zai fita, ko da zai kai ta jibi.

Mijinta kuwa Baba Dogo muke ce masa. Direban tirela ne a wani kamfani mai jigilar ƙarafan gini, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. Da idona na ga ya fitar da maciji daga banɗaki da sandar tsintsiya, ya dawo ya ci gaba da shan shayinsa. Ba mu san abin da yake tsoro ba a duniya.

A shekara ɗaya suka yi ritaya su biyun. 'Ya'yansu huɗu duk sun yi aure sun watse, gidan ya rage daga shi sai ita sai ƙarar agogon bango. Ni nake zuwa musu duk ƙarshen mako, don makarantar da nake koyarwa ba ta da nisa da su. Na lura Goggo tana wanke abin da yake a wanke, tana goge abin da ta goge jiya. Aikin take kewa, amma ba aikin kaɗai ba. Akwai wata mage da ke kwana a bayan injin busar da kaya na asibitin, wadda ta yi shekaru tana raba abincin ranarta da ita. Wata safiya tsohuwar abokiyar aikinta ta bugo waya ta ce magen ta haihu, 'ya'ya uku, an ba da biyu, saura ɗaya.

Muna karin kumallo Goggo ta kawo maganar.

"Malam, ina son in ɗauko 'yar mage."

Kofin da ke hannun Baba Dogo ya kuɓuce ya tarwatse a ƙasa. Shayi ya fallatsa har kan ƙafata. Bai ko kalli kofin ba.

"Ba a gidan nan ba."

"Ƙarama ce fa, ba ta kai tafin hannunka ba."

"Na ce ba a gidan nan ba! Ko ni ko ita."

Ya tashi ya fita ba ko hula. Ni da Goggo muka saki baki muna kallon ƙofa. Shekara talatin da takwas da aurensu, ta ce, bai taɓa ɗaga mata murya irin wannan ba, ko ranar da ta ƙona masa rigar aiki da dutsen guga.

Na ce, "Goggo, ki haƙura kawai."

Ta durƙusa tana tsince fasassun kofi. "Ya ce ba a gidan nan ba. Barandar baya ai ba cikin gida ba ce."

Bayan kwana uku ta shigo da 'yar magen cikin kwandon wanki. 'Yar baƙa ce mai farin ƙirji, kunne ɗaya a ɗan lanƙwashe. Goggo ba ta ɓoye masa ba. Ta ce ga ta can a baranda, ƙofa za ta kasance a rufe, ba zai gan ta ba, ba zai ji warinta ba, idan ta ɓata wuri ita za ta gyara. Sai dai daga ranar ya daina bi ta kicin. Ko ruwa yake so sai ya tsaya daga falo ya kira.

Goggo ta fara dabarunta a hankali. Takan ba shi labarin magen kamar labarin jika, yau ta faɗa cikin bokiti, yau ta yi faɗa da igiyar shanya, shi kuwa ya ƙara ƙarar rediyo. Sai ta ɗauki wata tsohuwar singiletinsa ta shimfiɗa a kwandon. Ta ce min idan magen ta saba da ƙamshinsa, ranar da suka haɗu ba za ta yi masa tsiwa ba.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka so. Wata Asabar da hantsi na fita shanya na bar ƙofa a buɗe. Magen ta ratsa kicin, ta wuce ni, ta wuce Goggo da ke yankan albasa, ta miƙe falo kamar an aike ta. Baba Dogo yana kan kujerarsa da jarida. Ta hau kan ƙafarsa ta zauna, ta ɗaga kai ta yi masa kuka.

Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Jaridar ta faɗi. Idanunsa suka fito. Hannuwansa biyu suka miƙe gaba suka damƙe iska, ƙafarsa ta dama ta shiga dukan ƙasa da ƙarfi, har teburin tsakar falo yana rawa. Gumi ya karyo masa. Yana cewa, "Riƙe! Riƙe da kyau!" da wata murya da ba tasa ba. Magen ta tsere ƙarƙashin kujera. Goggo ta yar da wuƙa ta rugo tana salati, ta kama kafaɗunsa tana girgiza shi.

"Malam! Malam! Ni ce. Kana gida."

Sai da ya sha ruwa kofi biyu numfashinsa ya daidaita. Na kama magen na kulle ta a baranda. Da na dawo na tarar da shi yana kuka, ƙaton mutum kamar wannan, hawaye na bin gemunsa. Na juya zan ba su wuri, ya ce in zauna, ai na riga na gani.

Duk danginmu mun san hatsarin da ya yi shekara talatin da suka wuce. Tirelarsa ta faɗa kwari da la'asar, kan Baba Dogo ya fashe ya yi kwana biyu bai san inda yake ba, abokinsa bakaniken kamfani da ke zaune a gefensa ya rasa ƙafar hagu daga gwiwa. Abin da aka faɗa mana shi ne birki ya tsinke.

"Birkin nan lafiyarsa ƙalau," in ji Baba Dogo. "Mage ce ta gilma. Na kauce mata. Saboda mage na kifar da mota, na raba mutum da ƙafarsa. Da na farfaɗo manyan kamfani suka tambaye ni, kunya ta hana ni faɗa, na ce birki ne." Ya share fuska da hannun riga. "Kuma shi ya gyara birkin da hannunsa ana gobe za mu tashi. Na ɗora masa laifi yana kwance a gado. Bai musa ba. Har yau bai musa ba."

Goggo ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ni na wanke zanin gadon da aka kwantar da Bakanike a kai," ta ce. "Shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya, Malam, kana ɗauke da wannan?"

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ko gaisuwa ya je wurin Bakanike, daga bakin titi yake ɗaga hannu ya wuce.

Ranar na tafi da magen gidana. Na ɗauka magana ta mutu ke nan. Bayan mako ɗaya Goggo ta kira ni ta ce in zo in raka su unguwa. Na same ta ta goge masa kaya, ta ajiye takalminsa a bakin ƙofa.

"Ina za mu?" ya tambaya.

"Wurin Bakanike."

"Ba zan iya ba."

"To zan je ni kaɗai in faɗa masa. Ka san ni ban iya gyara zance ba."

Ya sa takalmin.

Shagon Bakanike yana cikin wani layi mai cike da masu walda, gyaran famfunan ruwa yake yi. Baba Dogo ya yi sallama ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya ƙame. Mage a kan benci, mage cikin tsohuwar taya, biyu a saman kanta, wata ƙatuwar ja kuma a kan cinyar mai shagon, ta ɗora haɓa a kan ƙafarsa ta roba. Biyar na ƙirga. Goggo ma ba ta san da su ba, don na ji ta ce, "Innalillahi!" Ta riƙe masa hannu gam kada ya juya.

Bakanike ya cire tabarau. "Dogo? Yau kai ne cikin shagona? Wa ya mutu?"

A tsaye Baba Dogo ya faɗi komai, idonsa a ƙasa, yana in'ina. Da ya gama, Bakanike ya kalle shi, ya kalli Goggo, sifana ta zame daga hannunsa.

"Kai ka kauce? Wa ya ce maka kai ka kauce?"

"Ni ke tuƙi."

"Kai ke tuƙi, amma ko ganinta ba ka yi ba sai da na yi ihu! Ni na ce mage, mage, na kai hannu na fizgi sitiyari. Ni na jefa mu kwarin nan, Dogo. Da na ji ka ce birki ne, sai na ce rufa min asiri ka yi, don gara a ce gyarana bai yi ba da a ce na ƙwace wa direba sitiyari. Da kuma ka daina shigowa, na ce fushi kake, ka yi gaskiya."

Ƙarar walda kawai ake ji daga waje. Baba Dogo ya lalubi benci ya zauna, bai ma lura da magen da ke gefensa ba.

"Ban tuna ba," ya ce. "Wallahi ban tuna hannunka ba."

"Ina za ka tuna, kanka ya fashe kamar kankana!"

Goggo ta tafa hannu. "Yau na ga abin mamaki. Tsofaffi biyu, shekara talatin, kowa na ɓuya daga ɗan'uwansa a gari ɗaya!"

Bakanike ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, Baba Dogo ya taya shi. Da suka lafa na tambayi Bakanike yadda aka yi bai tsani maguna ba. Ya ce yana kwance cikin kwarin nan ya hango ta a bakin titi tana lasar hannu, ko ƙwarzane babu. "Na ce to, ƙafata guda na bayar a kanta, ai kuwa sai in ci moriyar jinsinta." Sai a nan Baba Dogo ya waiga ya ga abin da ke zaune kusa da shi. Ya zabura, amma bai tashi ba.

Ba a rana ɗaya ya sauya ba. Goggo ba ta sake ta da maganar ba sai da aka yi wata guda, shi da kansa ya tambaye ni, yana kallon wani wuri, ko abar nan tana cin abinci. Washegari na mayar da ita baranda. Goggo ta ce kwandon wankinta take so, ko zai haɗa wa magen akwati? Ya haɗa da ragowar katako, ya miƙo daga nesa. Ta ce bayanta na ciwo, ko zai zuba mata madara? Ya ɗaura kwano a bakin sanda ya tura ta ƙofa. Da lokacin allurar rigakafi ya yi, ta ce ita ba ta iya tuƙi ba, ba kuma za ta shiga motar haya da mage ba. Ya kai su wurin likitan dabbobi yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da allura ta shiga magen ta yi ƙara, sai ga Baba Dogo ya miƙe tsaye yana cewa, "Likita, a hankali mana! Ba ka ga yarinya ce ba?" Goggo ta ce saura kaɗan ta faɗo daga kujera don dariya.

Yanzu shekara biyu ke nan. Kullum da hantsi yana shagon Bakanike, suna gardama a kan injina. Watan jiya magen ta haihu a cikin akwatin kayan aikinsa, 'ya'ya huɗu. Babbar 'yarsu ta zo daga nesa, ta shigo ta tarar da ubanta a durƙushe yana ɗumama madara, ta koma waje ta sake duba lambar gidan. Maƙwabta sun fara zuwa neman 'ya'yan, shi kuma sai ya zaunar da mutum ya yi masa tambayoyi, gidanka akwai kare, yaranka suna jifa, titi na kusa? Ya riga ya sallami mutum biyu.

Ni ma na ce a ba ni ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke da kike barin ƙofa a buɗe? Sai na yi tunani."