Jinyar Mudir

Duk wanda ya taɓa sayen waina da safe a layin bayan masallaci a unguwar Sa'alaba ta Jidda ya san Hajiya Zinariya. Mutuniyar Gumel ce, ta zo umra shekara ashirin da shida da suka wuce, jirginsu ya koma ba da ita ba. Mijinta ya rasu tun kafin ta taho, ba ta kuma sake aure ba. Ɗaki ɗaya take haya a ƙasan wani tsohon bene, daga ita sai tandarta sai wani ƙaton jan muzuru da ta sa wa suna Mudir, wato manaja, don ba shi da aiki sai hawa kujera yana kallon masu aiki.

Bara da zafi tana shafa shi ta ji ƙari a cinyarsa kamar ƙwan kurciya. Mastura, maƙwabciyarta ta sama, haifaffiyar Jidda da Hausarta ba ta yin taku uku sai ta dafa Larabci, ita ta ɗauke su a mota zuwa asibitin dabbobi. Da aka nemi iƙamar mai kyanwa, wato takardar izinin zama a ƙasar, Zinariya ta duƙufa kallon hotunan bango, Mastura ta miƙa tata. Aka buɗe wa Mudir kati har da hotonsa.

"Kin gani ko, 'yata?" in ji Zinariya. "Duk daɗewata a garin nan, muzuru ya riga ni samun takarda."

Likitar, Dakta Raghad, ta ce za a yi aiki ranar Talata da hantsi. Sharaɗi ɗaya ne: daga isha kada ya ci komai. "Ko loma ɗaya, ya khala," in ji ta, wato inna da Larabci. "Idan da abinci a cikinsa, allurar barci za ta cutar da shi."

Zinariya ta kife kwanonsa. Mudir ya kwanta abinsa, har ta yi ta sa masa albarka. Bayan asuba ya fita ta tagar banɗaki kamar kullum, ya dawo yana lasar baki. Ana ɗora shi kan teburin likita ya amayar da kifin gwangwani. Zinariya ta dafe ƙirji ta rantse ba ita ba ce. Mastura kuwa ta tsura wa silin ido.

"Shwayya bas, ɗan kaɗan na ba shi, khala," ta ce daga baya. "Mishmish ya zo ƙofa yana kuka."

"Wane ne kuma Mishmish?"

Ashe shekara uku ke nan Mudir yana karyawa a sama da wani suna. Aka ɗaga aiki zuwa Alhamis, Mastura ta yi alkawarin ko zai suma a ƙofarta ba za ta buɗe ba. Ta kuwa cika. Amma ranar Alhamis likita ta taɓa cikinsa ta ji shi tam, ta sunsuna gashin bakinsa ta yi atishawa. Zinariya ta san wannan ƙamshin. Suna dawowa ta zarce bakin layi wurin Muntaka mai tsire.

"Malam Muntaka, kai kake ba muzuruna nama?"

"Sufeto? Ai ba ya fashi, Hajiya. Kullum ina gyaran nama sai ya zo ya duba. Ni na ɗauka ma maraya ne."

"Maraya mai wannan wuyan?"

A karo na uku Zinariya ta toshe tagar da kwali, ta kulle ƙofa, ta fasa suyar waina ranar. Mudir ya yi ta kururuwa har masu saye suka riƙa tambaya ko lafiya. Aka yi aiki cikin minti arba'in. Tana zaune a waje da carbi, hawaye na zuba, ta ce wa Mastura sanyin na'ura ne ke shigar mata ido.

Aka sallame shi da ɗinki shida da wani abin roba kamar mazurari a wuya don kada ya lashi ciwon. Kwana goma ba tsalle, ba fita, ga ƙwayar magani safe da yamma, abinci kuma mai laushi, cokali biyu kacal. Zinariya ta fitar da kujerarsa waje, ta shimfiɗa masa tsohon zani a ƙasa. Ranar farko da baya da baya ya riƙa tafiya yana karo da bango. Idan ta ɓoye ƙwayar a cikin kifi, sai ya cinye kifin ya ajiye mata ƙwayarta fes a gefen kwano. Dole ta koma naɗe shi a zani kamar jariri, ta buɗe bakin ta tura.

Masu laifi kuwa suka fara zuwa dubiya. Mastura ta sauko da farfesun kaza, Muntaka ya zo da hanta ba yaji, su zauna su yi ta hira suna yi wa majinyaci sannu. Bayan sun tafi Zinariya ta auna masa cokali biyunsa daidai yadda likita ta ce. Sauran kuma, tunda zubar da abinci ba kyau, sai ta taimaka.

Ranar goma ta shiga tasi ita kaɗai ta kai shi aka cire zare. Likita ta ce ya warke, halas, an gama. Da ta dawo ta dubi mazurarin, ta dubi tukunyar Mastura da ta wanke ta kife. Tana jin takun ƙafa a matakala ta yi wuf ta mayar masa da shi.

"Yaya jikin?" in ji Mastura.

"To, da sauƙi dai. Likita ta ce a ci gaba da farfesun."

Kwana shida ana haka, sai asibiti suka turo wa Mastura saƙo a waya suna tambayar yadda Mudir yake tun bayan cire zare. Ta sauko ba tukunya, ba ƙarar takalmi. Ta tarar da Mudir a kan firji ba komai a wuyansa, Zinariya kuma na tsotsar ƙashin kazar jiya.

Mastura ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Zinariya ta goge hannu, ba ta ko ji kunya ba.

"Ni ban taɓa kwanciya ciwo a garin nan ba," ta ce. "Ban san haka ake samun mutane a ɗaki ba."

Mastura ta daina dariyar. Ta ce daga yau duk Juma'a bayan masallaci za ta sauko da tukunya su ci tare, kuma a yar da wannan robar.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Zinariya. "Amma tunda yanzu kin san mai ci, ki riƙa ƙara barkono."