Kawu Bello da borin jinina

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Kawu Bello, ƙanin mahaifiyata, likitan da ya baro bincikensa a jami'a ya dawo Birnin Kebbi aiki lokacin da aka ba mu jiha.

A Argungu aka haife ni, garin kifi, amma jikina bai taɓa shiri da kifi ba. Ina ci sai borin jini ya taso, fata ta yi rudu-rudu. Wata rana ina 'yar shekara tara na saci romon giwan ruwa. Kafin la'asar leɓena ya kumbura, numfashi yana fita da ƙyar. Allah ya sa Kawu ya zo gaida Inna. Ya yi mini allura, ya zauna riƙe da hannuna har maƙogwarona ya saki.

Inna tana kuka ta ce, "Bello, mi ag ga ɗiyar ga cikin jini?"

Ya ce, "Yaya, histamin na. Kowa na da shi, nata dai ya cika gaggawa."

Da na girma ya yi mini bayani a gidansa na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Histamin, in ji shi, sinadari ne da jiki ke fitarwa, kuma ba ƙaiƙayi kaɗai yake kawowa ba. Yana da hannu wajen yadda garkuwar jiki ke ƙera antibodi, sinadaran da ke gane cuta su kama ta. Wani lokaci ya ƙara su, wani lokaci ya rage, gwargwadon inda ya taɓa a jikin ƙwayar halitta. Wannan ne binciken da ya ajiye. Na tambaye shi ko yana kewarsa. Ya ce yana yi, amma layin marasa lafiya ba ya jira.

Yanzu masana sun yi nisa a kan wannan batu. Na san da yana raye zai karanta har ya manta da abinci. Na kuma san ransa zai ɓaci ganin yadda ake sayen maganin ƙaiƙayi mai danne histamin a kemis ana ɗura wa yara don kawai su yi barci.

Ciwon hanta ya ɗauke shi, bai bar takardar bincike ko ɗaya mai sunansa ba. Na daɗe ina jin zafin hakan. Bara a Ambursa wata tsohuwa ta ji ko ni wace ce, ta kira ɗanta daga gonar shinkafa, magidanci da 'ya'yansa. Ta ce, "Gai da ta. Kawunta na ya cece ka kana jinjiri, shi ya sa kake amsa Bello."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa Aljanna ce makomarsa.