Baƙon Gindin Mangwaro

Babanmu bai taɓa kwana a gidan surukansa ba, wai kunya. Duk lokacin da muka taso daga Sokode za mu gaida Kaka, mahaifiyar Innarmu, a ƙauyensu da ke bayan Dapaong, sai mun fara sauka a wani ɗan masauki a bakin gari. A can zai yi wanka, ya sa babbar riga, ya fesa turare, sai ka ce neman auren bai ƙare ba.

Masaukin ɗakuna ne jere guda, da rijiya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mai wurin wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Moba, kowa Madam yake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, babu "ta" a cikinta: mace "ya zo", namiji "ya zo". Mu yara har kwaikwayonta muke yi a bayan idonta.

Shekarar da nake magana, saƙo aka aiko cewa jikin Kaka ya yi tsanani. Dama ta yi watanni ba ta taka ƙasa. Waya ba ta shiga ƙauyen, don haka Inna tun daga garin Kara take roƙo.

"Malam, mu wuce kai tsaye mana. Ina so in same ta da rai."

"Da ƙurar hanya zan shiga gidan mutane?" in ji Baba.

Mun isa bayan la'asar. Tsakar gidan shiru, ko kajin Madam ba sa motsi. Ta fito tana goge hannu da zane.

"Alaji, baƙonku ya zo tun azahar. Ya zauna can gindin mangwaro, ya jira, ya jira. Ya ce kun daɗe."

Baba ya ce ai wannan abokinsa ne mai albasa, zai dawo. Ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya hankali kwance. Har yau idan na tuna tafiyar nan tasa raina ɓaci yake.

Inna ta ƙi shiga ɗaki. Tana tsaye da mayafinta, idonta a kan kujera 'yar tsugunno da ke gindin bishiyar. A gefen kujerar akwai kofin ruwa cike, ba a taɓa ba. Ni ma na kalla.

"Madam, yaya kamanninsa?" in ji Inna.

"Tsoho ne, gajere. Ya tambaya 'yarsa. Ya ɗaura ɗankwali fari."

"Ɗankwali?" Muryar Inna ta sauka ƙasa. "Mace ce?"

"Mace mana. Ya taɓa zuwa nan rako ku, na san shi. Na shiga kawo masa ruwa, na fito babu kowa. Ƙofa kuma a rufe."

Inna ba ta jira kowa ba. Ta fita titi ta tare mai babur, ni na haye bayanta don kada ta tafi ita kaɗai. Tun daga nesa muka hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune. Kaka ta cika da hantsi, an kai ta bayan azahar.

Baba ya iso kafin magariba, cikin babbar rigarsa, yana ƙamshi. Ya durƙusa a bakin ɗakin da Inna take, ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce ko da mun wuce kai tsaye ba za mu same ta ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta ba ni haushi kamar wannan ba.

Inna ba ta ɗago kai ba.

"Na sani, Malam. Ai ita ma ta san halinka, shi ya sa ta je ta jira ni a inda za ka fara tsayawa. Can ɗin ma ban same ta ba."