Baƙaƙen Ƙwarin Lambun Baba

Duk tsawon rayuwata ba na jin zan manta da ranin da na kusa raba mahaifina da albasarsa. Lokacin muna Jihar Sakkwato, na dawo ƙauyenmu kusa da Warra da takardar makarantar koyon aikin gona, ina jin kaina tamkar ni na ƙirƙiro noma.

Baba tsohon masunci ne da ya koma lambu a bakin tafki. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: duk kwalekwalen da ya ruɓe sai ya farfasa shi, ya jera katakan a gefen fangalin albasa. Wata safiya na ɗaga guda, sai ga wasu ƙwari baƙaƙe wuluk sun watse. Bayansu na ƙyalli, da layi-layi kamar kunyar gona, ƙafafu dogaye. Ba sa tashi, gudu kawai suka iya. Na cafke ɗaya, ya bar mini wari a hannu. Nan take na yanke musu hukunci: ɓarayin albasa ne.

Ranar da Baba ya tafi kasuwar Yelwa na tattara katakan na cinna musu wuta, na bi gefen lambun da feshi. Da ya dawo ya daɗe yana kallon tokar.

"Wa yac ce ma ka ƙone su?"

"Baba, ƙwari ne ke ɓuya a ciki."

"Na sani. Don su ni aje. Wanga ƙwaro bai cin albasa, tsutsa shika ci."

Na yi murmushi irin na ɗan boko. Yanzu idan na tuna murmushin nan kunya nake ji.

Ba a yi mako biyu ba tsutsa ta sauka. Kullum safiya sai mu tarar da dashen a kwance, an datse shi daga tushe. Feshina bai kai gare ta ba, domin da rana cikin ƙasa take shigewa. Albasar nan kuwa ita ce abincin gidanmu na shekara. Baba bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rana ɗaya ya miƙo mini ƙwarya da faifai.

"Malamin gona, tai kurmi ka ba su haƙuri."

Haka na yini ina ɗaga ruɓaɓɓun itatuwa da ganyaye masu laima, ina kamun ƙwaro ɗaya-ɗaya, mata masu itace na yi mini dariya. Kwana uku ina wannan aiki ina kawo ƙwarin lambu, shi kuma yana jera musu sababbin katakai. Rabin lambun muka tsira da shi.

Na yi shekara talatin ina aikin gona bayan haka. Ban ƙara ɗauke wani abu daga gonar mutum ba sai na tambaye shi dalilin ajiye shi.