Sitatar Motar Yayana

Da yayana ya rasu, abin da ya bar mini a Gumel tsohuwar motarsa ce, wadda ta girmi 'ya'yana duka. Su suna Kano, matata ta riga shi rasuwa, gidan daga ni sai motar a ƙarƙashin darbejiya. Dangi suka ce a sayar wa 'yan gwangwan tunda ta ƙi tashi. Na ce sai dai bayan raina.

Ta ƙi tashi kuwa. In na murɗa makulli da safe sai ta yi ta gurnani, ta yi tari, ta yi shiru. Alhali yana raye ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ni zan zauna a ciki, shi ya ɗaga bonet ya ɓace a bayansa, ya ce, "Murɗa." Shi ke nan ta kama. Ban taɓa tambayar abin da yake yi a can ba. Abin da na sani, tafin hannunsa kullum da baƙin zobe mai warin fetur, har nakan yi masa faɗa in mun sa hannu a kwanon tuwo.

Na tuna yakan ce, "Sitatarta ce ta mutu." Na sayo sitata, abin nan da ke juya inji in an murɗa makulli, ba ta tashi ba. Na canza fulogi, na wanke kafireta da fetur, na busa ƙofofinta da bakina har na ƙware. Makanikan yanzu kuwa, Allah ya shirye su, in ba na'ura aka jona ba ba su san ciwon mota ba. Wani ma dariya ya yi.

Ranar kasuwar Maigatari na kwance kafiretar na sa a buhu, na kai wa wani dattijon makanike ɗan Damagaram. Na ba shi labari. Ya tambaya, "A ina marigayin ya koyi mota?" Na ce a ƙasarku. Ya ce, "To Alhaji, abin da kuke kira cok, shi muke kira sitata." Ya nuna mini ƙaramin murfin da ke rage iska da sanyin safiya, ya sandare da tsatsa. Sai ya kama hannuna ya kifa tafin a bakin kafiretar. "Haka ake yi mata. Ɗaya ya toshe, ɗaya ya murɗa."

Da na ɗaga hannu, ga baƙin zoben nan. Wallahi kunya ce kawai ta hana ni kuka a tsakar kasuwa.

Ya gyara murfin, ya haɗa ni da sabuwar wayar jan sa daga cikin mota, ya ce daga yau ba na bukatar kowa. Da alheri ya faɗa.

Washegari na ɗaura, na rufe bonet, na shiga. Murɗawa ɗaya ta tashi, ras. 'Yan gwangwan sun rasa. Na zauna ina kallon gilashin gaba, ba bonet da ya tare mini gani, ga bangon gida, ga ƙofa, ba kowa. Kewarsa ta taso mini fiye da ranar jana'iza.

Na kashe ta. Na fita na ɗaga bonet, na dawo na zauna.