Kwanon da Genta Ya Kife

Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kai Genta Nagamine gidan horon 'yan kokawar sumo a Tokyo, siriri kamar muciya. Kafin a koya masa kamu, ci aka koya masa. A tashi da asuba a yi ta gwabzawa ciki ba komai, da rana a zauna gaban tukunyar romo da shinkafa a ɗura har numfashi ya yi wuya, sannan a bi lafiyar tabarma don jiki ya kama. In babba ya zuba maka, ka sunkuyar da kai ka yi godiya ka cinye. In ka cinye ya ƙara. Ɗan kokawa ba ya cewa ya ƙoshi, ko da kuwa abincin ya zo masa iya wuya.

Bai yi suna ba, kada a yi masa ƙarya. Ya daɗe a cikin ƙanana, yau ya kayar gobe a kayar da shi, har gwiwa ta ce ba da ita ba. Aka yanke masa tukku, alamar ya bar kokawa, ya fito da jikin mutum uku da aikin yi ko ɗaya babu. Tsoho Horiuchi, mai gidan abincin da ya daɗe yana ciyar da 'yan gidansu kyauta, shi ya ɗauke shi. A baki aikinsa dafa romo ne. A gaskiya kuwa ƙibarsa aka ɗauka aiki. Ya tsaya a ƙofa, a ɗauki hoto da shi, a shafa tumbinsa, baƙi su yi ta tura masa kwano don su ga yadda yake wawashewa su tafa.

Ciwon suga bai tafa ba. Sai da ya ci ɗan yatsan ƙafarsa ta hagu, likita ya dube shi ya ce, "In ba ka rage wannan jiki ba, na gaba daga gwiwa za mu yanke."

Daga ranar Genta ya murtuke. Kullum da sassafe yana bakin kogin Sumida, yana ɗingishi yana haki, tsofaffi masu yawo da karnuka suna wuce shi. Abincinsa ya koma gasasshen kifi da kabeji da rabin kwanon shinkafa, abin da a da ko kurkure baki ba ya isarsa. Matarsa Cizuru ta sha ganinsa zaune ya ƙura wa tukunya ido kamar zai yi kuka, ta ce, "Baban Mio, loma ɗaya ba ta kisa." Ya ce, "Da loma ɗaya ɗaya na kawo nan. Ɗauke ta daga gabana."

Jiki ya fara zubewa. Abokan aiki suka samu abin yi.

"Kai Genta, ina ka yar da rabinka?"

"Yana asibiti. Je ka ɗauko, ka fi ni buƙata, ɗan tsamurmuri."

Baƙi kuma suka daina neman hoto. Wa zai biya kuɗin mota ya zo kallon mutum kamar kowa? Tsoho Horiuchi ya yi ta kallo har ranar walimar ƙarshen shekara, da aka tara ma'aikata da manyan abokan ciniki. Ya tashi da kansa, ya ɗauki kwano mafi girma, ya cika shi da shinkafa da nama har ya yi tozo, ya dire a gaban Genta.

"Ci, yarona. Ka nuna musu."

Genta ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa teburi. "Na gode, Maigida. Na ƙoshi."

Wani ya yi dariyar yaƙe, ta mutu a bakinsa.

"Ka me?"

"Na ƙoshi, ranka ya daɗe."

"Tun kana tsinken mutum nake zuba maka. Yau hannuna ne ya yi ɗaci? A gaban jama'a?"

Zuciyar Genta ta karye, don yana son tsohon nan, kuma ya san abin da ya faɗa gaskiya ne. Ga kuma ƙamshi yana hawa masa kai, yawu ya cika masa baki. Ya juye abincin cikin tukunya a hankali, ko ƙwaya bai zubar ba, ya kife kwanon a kan teburi.

"Wanda ya fi ƙarfin abincina ya fi ƙarfin gidana," in ji Horiuchi. "Ka yi tunani."

"Na yi, Maigida. Duk abin da ka zuba mini na cinye, ban taɓa barin saura ba. Ka ce in ba ka wuyana in ba ka." Ya dafa teburi ya miƙe, ba wanda ya kama shi, abin da ya daɗe rabonsa da yi. "Amma ƙafar nan da ita zan fita daga gidan nan, kuma ba mai raba ni da ita."