Zaharadden Mato, Shugaban Matafiya da Shinge ya Tsare

An haifi Malam Zaharadden a shekarar 1958 a birnin Jidda. Mahaifinsa Mato da mahaifiyarsa Aissa mutanen Damagaram ne da suka zo aikin Hajji suka yi zamansu, babu iƙama, wato takardar izinin zama. Abin da ya gada ke nan, kuma shi ya ɗaure shi a cikin gari fiye da rabin rayuwarsa.

Karatu da Sana'a

Bai shiga makarantar gwamnati ba saboda rashin takarda, sai ya sauke Alƙur'ani a unguwa. A bakin mahaifinsa ya fara jin labarin jirgin ƙasa, wanda ya ratsa da su tsaunukan Sudan zuwa bakin teku, har abin ya shiga ransa alhali bai taɓa ganin dogo ba. A 1976 ya kama dako a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa.

Aure da Iyali

A 1984 ya auri Sajida, suka tare a unguwar Madain Fahd, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Babban baƙin cikinsa shi ne su ma sun tashi babu takarda.

Ƙungiyar Masoya Dogo

A 1994 ya kafa wannan ƙungiya tare da Badr, wani Balarabe mai garejin mota, da Ɗan'azumi direba, domin bin sawun tsohon dogon Hijaz a arewacin Madina, inda layin ya kurɗa tsakanin tsaunuka da harra, filin baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari. Malam Zaharadden ne ke tsara hanya, shi ke auna ruwan sha, shi ke faɗa a kan kowa ya sa takalmi sau-ciki domin dutsen harra yanka yake yi. Amma da an tayar da mota sai ya koma gida, don shingen binciken takardu na bakin gari ya fi ƙarfinsa. Ɗan'azumi kan leƙo ta taga ya ce, “Yalla, mun tafi, shugaba, a tsare mana Jidda kar ta gudu!” Malam Zaharadden yakan yi dariya, amma abin yana cin sa ƙwarai.

Buɗi

A 2013, lokacin da aka ba da damar gyara takardu, Badr ya tsaya masa a matsayin kafili, wato mai ɗaukar nauyinsa a hukumance, ya yi ta safa da marwa a ofisoshi har lamarin ya tabbata, daga baya na iyalin ma ya biyo. Da ya je godiya, Badr, wanda ke kiransa da sunan ɗansa Jabiru, ya ce, “Shi ke nan, ya Abu Jabir, kujerarka ta gaji da jira.”

Da sanyin 2014 ya ƙetare shingen a karon farko. Don ɗoki, mutumin da ya shekara ashirin yana wa'azin takalmi sai ga shi a tsakiyar harra da silifa. Kafin azahar dutse ya cinye ta, aka naɗe masa ƙafa da rawani, a haka ya ɗingisa har wata tsohuwar tasha, ya dafa ƙarfen wani kan jirgi da ya kife a yashi, ya yi kuka. Daga wannan shekara babu tafiyar da ta wuce shi.

Rasuwa

A watan Rajab na 1444, farkon 2023, ƙungiya na dawowa daga arewa ciwon zuciya ya kama shi a Madina, a nan Allah ya karɓi ransa yana da shekara sittin da huɗu. An sallace shi a Masallacin Annabi, aka rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Ya bar matarsa Sajida da 'ya'ya huɗu: Jabiru, Bara'atu, Abdulghaffar da Hikima. Dukansu sun samu sallar. Jirgin ƙasa suka hau daga Jidda, kowa da iƙamarsa a hannu, kuma babu wanda aka mayar.